Tsohon Ɗan Dambe da Dodonsa na Dutse

A rumfar mai cajin waya ta tashar Argungu, Faruk yana kallon wani ƙato da bai sani ba. Hancinsa a karkace yake, hannun damansa duk sawun igiyar dambe. Faruk ya ayyana a ransa cewa fage ne ya sallame shi.

Ƙaton ya duƙufa kan waya, suna gwabza wasan dodanni da wani ɗan kabu-kabu. Nasa dodon dunƙulen dutse ne mai damatsa biyu. Duk naushin da ya kai sai mutumin ya cije leɓe, kafaɗarsa ta zabura. Dodon ɗan kabu-kabun kuwa ruwa yake fesawa, dutsen yana tsattsagewa.

"Baba, sake dodo, wanga ba ya jimirin ruwa," in ji ɗan kabu-kabun.

"Ni ban ja da baya gaban yaro."

Dutsen ya tarwatse. Mutumin ya dunƙule hannu ya narka wa benci naushi har katakon ya dare, jini ya tsatso tsakanin yatsunsa. Ya jima yana duban hannun, sannan ya sunkuya ya dafa ƙasa, yadda wanda aka kayar a fage yake yi.