Sannun da Na Kasa Kaiwa Zawaciki

A kamfanin fatun da na yi aiki a Challawa, ƙarar inji ba ta barin doguwar magana, kowa da guntuwar kalmarsa. Babarbaren da ke wajen rini "wushe" yake cewa in zai yi gaisuwa. Bazabarmen da muke inji ɗaya da shi kuwa "fofo" ce tasa. Da ita yake gaisuwa, da ita yake godiya, ko ruwa ka miƙa masa fofo ce. Ni kuma, da bakina da ba ya shiru, na sa shi gaba da tsokana: shekara biyu a Kano, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba.

Muna da ƙa'ida a injin matse fata. Kafin ka kunna sai ka buga ƙarfe sau biyu da sifana, don na ɗaya ɓangaren ya janye hannu. Wata Laraba ina saurin tashi, ban buga ba. Yatsun Bazabarmen biyu suka tafi.

Kowa ya je dubiya ɗakin da yake haya a Zawaciki, ban da ni. Sau uku ina hawa adaidaita, sau uku ina sauka a bakin layinsu, in sayi rake, in juyo. Me zan ce masa? Sannun da ake yi wa mai mura, ita zan kai wa wanda na nakasa? Abinci ya fita raina, na dinga yi wa matata faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kunya nake ji, ga tsoro.

Sai Babarbaren ya gaya mini jibi mutumin zai koma gida Nijar. Ko abin hawa ban tsaya jira ba, da ƙafa na taka cikin rana.

Na same shi a kan tabarma, kayansa a ɗaure cikin buhu. Na tsaya a bakin ƙofa ina gumi.

Ya dube ni, ya matsa mini wuri, ya miƙo kofin ruwa da hagu, don damar a naɗe take.

"Sannu," ya ce.

Na durƙusa na karɓa hannu bibbiyu. Da ƙyar na ce, "Fofo." Ranar na fara faɗinta ba da tsokana ba.