Shatin igiya a hannun Baba

Shekarar da ruɗewar tsufa ta kama Baba, ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a Magarya, shi kuwa yana ƙauyenmu kusa da Dogo-Dogo, a hannun ƙanena. Duk Lahadi nakan hau babur in leƙa su. Ni mutum ne mai zargi, ban ɓoye ba. Ko goro aka ba ni sai na juya shi.

Wata Lahadi ina yi wa Baba alwala sai na ga shatin igiya a wuyan hannunsa, har ya yi kanta. Na tambayi ƙanena, ya ce, "Yaya, bari dai." Wannan bari dai ta tsaya mini a rai. Na leƙa ɗaki, ga igiyar kaba a rataye. Na bugi cikin maƙwabta, kowa ya sunkuyar da kai. Baba kuwa, da ya daina gane ni, ya jawo rigata ya raɗa mini, "Malam, ɗaure ni suke kamar akuya."

Raina ya ɓaci matuƙa. Dattijon da ya ciyar da mu da guminsa! Na rantse gobe da safe zan tafi da shi Magarya.

Ƙanena bai yi gardama ba. Ya ce, "To, yau naka ne. Ni bari in je gona, ciyawa ta kusa cinye geron."

Bayan azahar ni da Baba muka zauna a inuwar dogon-yaro, na ba shi fura, ina ta yabon kaina. Gyangyaɗi ya ɗauke ni, wallahi bai fi na shan ruwa ba. Na farka, ba Baba, sai takalmansa.

Sai la'asar sakaliya ni da ƙanena muka same shi a hanyar Guci, tsaye a bakin rijiya, ƙaya cike da ƙafafunsa, yana kiran mahaifiyarsa. Ƙanena ya naɗe hannun riga zai ɗora shi a jaki. Nan na ga shatin nan a nasa hannun, ya ma fi na Baba zurfi.

Washegari ban tada babur ba. Da rana ta take, na ɗauko igiyar da kaina, kunya kamar in nutse, na nufi Baba.

Ƙanena ya ce, "Naka hannun za ka fara ɗaurewa, Yaya. In ya ja, sai ka farka."