Ɗauko Hajiya daga Washington

Fita daga Glenwood

Muna idar da sallar asuba na tayar da mota a ƙofar gidan da muke haya a unguwar Glenwood ta garin Greensboro, cikin shekarar 1984. Za mu Washington ne tarar surukata, Hajiya Asabe, wadda ta taso daga Gusau don ta yi wa matata Rabi wankan jego. Hajiya ba ta jin Turanci, shi ya sa ba mu yarda ta canja jirgi ita kaɗai zuwa Greensboro ba. Rabi kuwa, ga ɗanyen jego ga jariri, dole ta bi ni, don ba yadda za a yi in wuni a mota daga ni sai surukata. Tun da na auri 'yarta ban taɓa wuce gaisuwa da ita ba, gaisuwar ma a durƙushe, kaina a ƙasa.

Motar tawa ƙaramar bas ce da na saya hannun wani tsohon Bature a McLeansville. Shi ya mayar da ita ɗaki da hannunsa, har da gado da risho da ɗan tebur. A baya akwai kujeru biyu suna kallon juna. Ɗaya tana kallon gaba, kuma tana da bel na ɗaure jiki, a nan muke ɗaure kujerar jaririnmu Mansur. Ɗayar tana jingine da bayan direba, tana kallon inda aka fito, ba ta da bel ko na magani.

Kafin tafiyar na yi ta tambaya a kan wannan kujera. Tsohon ya ce shi da matarsa sun je har bakin teku ba wanda ya faɗo. Makanikena ya ce mai kallon baya kujera ce ke tare shi in an taka birki, amma in aka bugi mota daga gefe, abin da ke hannunsa ba ruwan kujera da shi. A ofishin lasisi wata mata ta ce in dawo wani mako. Ma'aikaciyar asibiti ce kaɗai ta yi magana ɗaya: doka ta ce jariri yana cikin kujerarsa, a ɗaure, ko waye ke cikin motar.

Zuwa dai ba abin faɗi. Muka bi ta Danville, muka sha shayin filas a Lynchburg, muka kwana gidan wani abokina ɗan Katsina da ke karatu a Washington.

Filin jirgi

Da hantsi Hajiya ta fito, tana faɗa an ƙwace mata kilishi, amma kuka da daddawa sun tsira. Na durƙusa a tsakiyar Turawa na gaishe ta, ta amsa tana kallon wani gefe.

Da muka zo mota ta tsaya ta ƙare wa kujerun kallo. Ta gaba, kusa da ni, ba zancenta. Mai kallon gaba kuwa tana daidai madubina, sai mu yi ta haɗa ido har Greensboro. Ta nuna mai kallon baya ta ce, “Rabi, wanda ya yi wannan kujera ya san mutunci.” Ta zauna, bayanta a bayana. Sannan ta miƙa hannu ta kwance Mansur, ta ɗora shi a cinya.

“Wane irin rashin imani ne wannan? Ɗan mutum a ɗaure kamar tunkiya za a kai kasuwa.”

Na dubi Rabi ta madubi, ta sunkuyar da kai. Mansur ɗanta na fari ne, a gaban uwarta ko kallonsa ba za ta yi ba, balle ta nuna ta damu da inda aka ajiye shi. Ko sunansa ba ta kira, sai dai ta ce “yaron”. Ni ba bakin yi wa Hajiya magana, ita ba bakin yin magana a kan ɗanta. Haka na tayar da mota.

Hanyar Charlottesville

Ban taɓa tuƙi a takure kamar na ranar ba. Na koma layin dama ina rarrafe, manyan motoci suna wuce ni suna danna oda, iskarsu tana kaɗa bas ɗin. Duk wadda ta wuce sai in ji kamar ta bi ta kan ƙirjina. Yaron yana bayana, tazararmu ba ta kai kamu ɗaya ba, amma ba na ganinsa. Abin da nake gani a madubi shi ne kujerarsa ba kowa, da fuskar Rabi.

A gidan mai na farko na tsaya na buɗe gaban mota, wai inji ya yi zafi. Rabi ta fito kamar za ta kawo mini ruwa.

“Ki gaya mata mana,” na ce a hankali. “Ki ce doka ce, 'yan sanda za su tsayar da mu.”

“Na gaya mata. Ta ce in sun zo a haɗa ta da su.”

“To ki ce ke kike so.”

“Haba Malam! Ni? A gaban Inna? Kai ka faɗa mana.”

“Ni?”

Muka tsaya muna kallon injin da lafiyarsa lau.

Lynchburg

Kafin Lynchburg na sake tsayawa, wai taya. Bayan gari na kuma tsayawa, wai za a yi azahar, duk da muna iya haɗa ta da la'asar. A kowace tsayawa fatana Hajiya ta ajiye yaron a kujerarsa ta manta da shi a can. Ina! Ko da ta sauka alwala a bayanta ta goya shi.

Muka ci burodi da soyayyen kifi a gefen titi, ni a can bayan mota kada in ci abinci a gabanta. Hanyar daga nan hawa da gangara ce, ga kwana, ga yayyafi ya soma. A wata gangara na ji Hajiya ta ce “Bismillahi” da ƙarfi, kofin shayi ya gangaro daga tebur har ƙarƙashin ƙafata. Ba abin da ya faru. Amma na ƙara rage gudu.

Danville

Da na sake saka sigina zan sauka daga titi, Hajiya ta yi magana, da 'yarta kamar kullum.

“Rabi, tambayi maigidanki. Motar nan ba ta da ciwon komai, ina jin kukanta. Me ake ta tsayawa?”

Na kashe mota. Na soma shirya kalmomi a baki. Sai na ji muryar Rabi.

“Inna, ki ba ni Mansur. Ɗana ne, tsoro nake ji. Tun Washington ban iya numfashi ba.”

Ranar na fara jin ta kira sunansa. Ni kaina kunya ta rufe ni kamar ni na faɗa.

Hajiya ba ta miƙa mata shi ba. Na ga hannunta ya shigo cikin madubi, ta kwantar da yaron a kujerarsa da kanta, tana ta kokawa da ƙarfen bel ɗin. Rabi ta kai hannu za ta taimaka, ta ture. Sai da ya yi ƙas sannan ta koma mazauninta.

Daga nan ban sake tsayawa ba. Hankalina ya kwanta ta wajen yaron, ya tashi ta wajen Rabi, wadda ke zaune gaba da gaba da uwarta ba inda za ta kai idonta.

Greensboro

Muka shigo gari rana ta yi sanyi, muka ratsa Elm Street, na tsaya a ƙofar gida. Na zagayo na buɗe musu. Hajiya ta sauko tana dafa gwiwa, ta gyara mayafi, ta bar Mansur yana barci a ɗaure. Rabi ta raɓe a gefe tana jiran uwarta ta ɗauke shi kamar yadda aka saba.

Hajiya ta ɗauki ƙullin daddawarta, ta dubi 'yarta ido cikin ido ta ce, “To me kike jira? Ɗauko ɗanki. Nan ba Gusau ba ce, in ke ba ki ji tsoro a kansa ba, wa kuke da shi da zai ji?”

Rabi ta kwance shi ta rungume, tana kuka a fili a bakin titi. Ni kuma na kinkimi akwati na bi bayansu, ina gode wa Allah da ya kawo mu gida mu huɗu lafiya.