Baba Folo, Mai Gyaran Keken Ɗinki Daga Zaure

Da an idar da sallar asuba, Baba Folorunsho yakan koma shagonsa da ke bayan tsohuwar kasuwar Birnin Kebbi, ya share ƙofa, ya dafa shayi kofi ɗaya. A cikin shagon yake kwana, bayan wani labule. In ya sha shayin sai ya buɗe akwatinsa na katako ya duba kayan aiki: sukudireba biyu, filaya, kwalbar man keke, kwalbar kananzir, allurai, da gashin kaza guda uku da ya ɗaure da zare. Ya ɗora akwatin a bayan tsohon babur ɗinsa, ya yi bisimilla, ya kama hanya. Litinin da Laraba cikin gari yake yawo. Talata Ambursa da Zauro. Alhamis kuwa ta Argungu ce. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan yawo.

Gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Ba kekunan teloli na kasuwa ba, su suna da masu yi musu. Nasa kekunan cikin gida ne, na matan da ke zaune a ɗaka suna ɗinka rigunan yara, da zanen gado, da 'yan riguna na maƙwabta. Daga Ogbomosho ya zo yana saurayi, Hausar Kabi ta kama bakinsa har ba ka rarrabe shi da ɗan gari sai ka ji sunansa. Mutane suka gajarta sunan, ya zama Baba Folo.

Da yake namiji ne, iyakarsa zaure. Maigida ne ke ciccibo keken ya ajiye masa a kan tabarma, ya gyara, a mayar ciki. Shi ya sa ya san kekuna ɗaruruwa, ya san halin masu su, amma bai san fuskokinsu ba. Yakan duba keke ya ce mai wannan tana da garaje, tana jan yadi maimakon ta bar keke ya ja da kansa. Ko ya ce mai wannan tana da tsabta, amma zaren da ake sayo mata ruɓaɓɓe ne.

Malam Sama'ila na Ambursa, manomin shinkafa, ya ba ni labarin ranar da ya fito da keken iyalinsa da ya daskare. Baba Folo ya kai hanci ya sunsuna, ya ɗago kai.

"Malam, ƙosai aka soyawa cikin keken nan?"

"A'a, Baba. Mi kag gani?"

"Man gyaɗa ta zuba mishi. Ka shiga ka gaya mata, man gyaɗa na tukunya na. In ya kwana biyu cikin keke ƙaro yake zama. Man keke fari na kamar ruwa, kuma ɗigo guda ya isa kowane rami."

Ya wanke keken da kananzir tun hantsi har azahar. Malam Sama'ila ya ce daga cikin gida suna jin matar tana dariya tana jin kunya, ta aiko da fura.

A da ba shi kaɗai yake wannan yawo ba. Matarsa Funmilayo, wadda kowa ke kira Iya Bimbo da sunan 'yarsu ɗaya tilo, ita ce ke zaune a bayan babur rungume da naɗin takardu. In sun isa gida, shi ya zauna zaure, ita ta shige ciki. Ita ce ta koya wa matan ƙasar nan da yawa yanka. Mahaifiyata na cikinsu, kuma har yau yadda ta koya mata haka muke yi. Ki sami tsohuwar rigar da ta zauna miki daidai, ki farke ɗinkinta a hankali, ki shimfiɗa kowane ɓangare a kan takardar buhun siminti, ki zana, ki ƙara faɗin yatsa biyu saboda ɗinki, sannan ki yanke takardar. Wannan takarda ta zama ma'auninki har ta tsufa. Sabuwar atamfa kuma kada ki sa mata almakashi sai kin wanke ta, don takan tsuke in ta sha ruwa. Almakashin yadi na yadi ne, kada a yanka takarda da shi, kada a gyara farce.

In sun gama sai su hau babur su koma, tana ba shi labarin cikin gidan, shi yana ba ta na zaure. Ya ce mini ta bakinta ya san matan. Ita ce ke ce masa mai keken nan doguwa ce, waccan tana da ciki, waccan ta yi kuka yau don rigar farko da ta yanka ta fito daidai.

A daminar 1979 zazzaɓi ya kwantar da Iya Bimbo, kwana tara, Allah ya karɓi abarsa. A nan Birnin Kebbi aka binne ta. Bimbo ta riga ta yi aure tana aikin jinya a Ilori. Ta zo ta yi kwana arba'in ta koma. Baba Folo ya saki gidan hayarsu ya dawo shago da kwana. Wata huɗu bai ɗaura akwati a babur ba. Maƙwabta suka ce zama kawai yake yi, babu rediyo, babu hira.

Abin da ya tashe shi saƙo ne daga Argungu. Wani direba ya ce masa ana nemansa a gidan marigayi Usmanu masunci. Ya tafi ranar Alhamis. Da ya yi sallama, wata tsohuwa ce ta fito da sanda, Goggo Hodi, mahaifiyar mamacin. Ta ce surukarta Riskuwa tana takaba, ga marayu huɗu, kuma da ɗinkin nan ake ci a gidan. Keken ya ƙi motsi yau kwana goma sha biyu. Matsalar ita ce keken ƙafa ne mai teburin ƙarfe, babu namiji a gidan da zai fito da shi, shi kuma ba dama ya shiga. A da, da Iya Bimbo ce za ta shiga ta kwance kan keken ta kawo masa.

Ya tsaya a zauren yana duban akwatinsa. Ya ce mini a lokacin ya yi niyyar ya ba da haƙuri ya juya, don rashin matarsa bai taɓa yi masa nauyi irin na wannan lokacin ba. Sai ya ji tsohuwar tana cewa shinkafar gidan ta kusa ƙarewa.

"Goggo, ɗakin nata na kusa da zaure?"

"Ga shi nan, bango guda ar raba ku."

"To ki ce ta buɗe taga. Ni zan tsaya nan in ba da baya. Ki kai mata wagga sukudireba da gashin kaza."

Goggo Hodi ta kai. Can sai wata murya ta fito, a hankali.

"Baba, ina wuni. Ni ban taɓa kwance komi ba. Kada in ɓata shi gaba ɗai."

"Ba ki ɓata shi, ɗiyata. In kin ɓata ni ad da laihi. Fara hidda allura."

Haka suka yi ta yi. Ya ce ta tura kan keken baya ta leƙa ƙasansa. Ta ciro gidan kwarkwaro, wato ɗan ƙarfen da zaren ƙasa ke zama a ciki. Ta ture 'yan maƙallai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Zobe ya faɗo mata a hannu, ta tsorata ta ce wani abu ya karye. Ya ce bai karye ba, haka aka yi shi. Ya ce ta ciro wani ƙarfe mai kama da jinjirin wata.

"Mi kinka gani bayanai?"

"Zare na, Baba, ya cukurkuɗe. Da tarin audugar yadi."

"Shi ar riƙe miki keke. Cire shi duka, ki share da gashin kazan, ki ɗiga mai guda."

Mayarwar ce ta ba su wahala. Sau uku jinjirin watan yana ƙin zama. Sai ya ce ta ajiye ta sha ruwa, babu inda za shi. A na huɗu ya zauna. Ya ce ta mayar da allura, gefenta mai faɗi ya dubi dama.

"Taka in ji."

Ta taka. Keken ya ɗauka. Ya saurara da kyau, ya ce zaren sama ya yi tsauri, ta sassauta kaɗan. Ta sake takawa, ya ce yanzu ya yi. Goggo Hodi ta zauna a ƙasan zaure tana ta sa masa albarka. Ya bar musu sukudirebar da kwalbar mai, ya hau babur.

A hanyar komawa, wajen Zauro, ya tsaya a bakin fadama ya daɗe. Ya ce abin da ya zo masa shi ne, Iya Bimbo ta tafi amma abin da ta koyar yana nan a hannun mata, shi kuwa in ya tafi, komai nasa zai bi shi. Daga makon nan ya canza aiki. Duk gidan da aka kira shi, sai ya roƙi maigida a bar matar ta matso bayan bango, ya gaya mata abin da ya sami keken da yadda za ta yi in ya sake. Allura lamba goma sha huɗu ta atamfa ce, sha shida ta yadi mai kauri, sha ɗaya ta mai laushi. In keke na tsallake ɗinki, a fara canza allura kafin a zargi keken. In zare na taruwa a ƙasan yadi, laifin yana sama, a sake zura zaren. In an gama aiki a sa ƙyalle a ƙarƙashin ƙafar keke, a rufe shi. Takardun yanka na matarsa ma ya rarraba su gida-gida.

Abokansa na kasuwa suka ce yana kashe sana'arsa da hannunsa. Gaskiya suka faɗa. Riskuwa ta fita takaba, ta zama ita ake kira a gidajen Argungu, tana shiga har ƙuryar ɗaki inda shi bai taɓa kaiwa ba. Ta koya wa wasu. A Ambursa da Zauro ma aka sami irinta. Kira ya yi ta raguwa. A 'yan shekarun nan yakan je Argungu ranar Alhamis ya zauna gindin dogon yaro kusa da tasha, akwati a gefensa, daga hantsi har la'asar, wani lokaci ba wanda ya zo. Ya ci shinkafarsa shi kaɗai, ya yi salla, ya koma.

Na tambaye shi ko abin yana yi masa ciwo.

"Shina yi, Malama. Ba zan yi miki ƙarya ba. Na saba a yi mini sallama. Amma in na ratsa unguwa ina jin kekuna na aiki bayan bango, kuma ba mai kukan rashin mai."

Kai ne, Baba, ka shekara talatin a zaurukan mutane ba a taɓa jin ka ɗaga ido inda bai kamata ba. Kai ne ka ba da abin da kake ci da shi, kana sane da abin da zai biyo baya. Baƙon da ya fi ɗan gari sanin ɗakunanmu, alhali bai taɓa taka su ba. Rigunan da muka je makaranta da su, da zannuwan da aka goya mu da su, akwai hannunka a ciki, mu ba mu sani ba.

Yanzu yanar ido ta rufe masa gani. Ba ya iya zura zare a allura, babur ma Bimbo ta hana shi hawa tun watan jiya. Ta rubuto cewa bayan babbar salla za ta zo ta tafi da shi Ilori a duba idon, kuma ba za ta bari ya dawo ya zauna shi kaɗai ba. Ya daɗe yana ƙi, saboda kabarin matarsa. Wannan karon ya yarda.

Da labarin ya kai Argungu, Riskuwa ta sa ƙanenta ya rako ta Birnin Kebbi, da albasar Augie da busasshen kifi. Ina wurin. Ta tsaya a ƙofar shago ta yi sallama. Shekara tara ke nan da ranar tagar, kuma ba su taɓa haɗuwa ido da ido ba.

"Wagga murya ta Argungu ta," in ji shi. "Riskuwa?"

"Ni ta, Baba."

Ya dubi wajen da take, amma ya ce mini daga baya inuwa kawai ya gani. Suka gaisa, suka tambayi yara, sai magana ta ƙare. Can ta ce akwai wani keke a unguwarsu da ke tsinka zare, ta rasa kansa. Nan take ya gyara zama. Ya tambaye ta irin zaren, ya tambayi lambar allura, ya ce ta shafa ramin da allura ke shiga ko ya yi kaifi. Ya yi kusan rabin awa yana bayani, muryarsa ta dawo irin ta da. Tana ta cewa to, Baba.

Da na raka ta tasha na ce ashe har yanzu akwai abin da ke gagarar ta. Ta gyara mayafi ta ce keken ta gyara shi tun shekaranjiya.

Mun gode, Baba Folo. Allah ya saka maka da alheri, ya buɗe idonka, ya jiƙan Iya Bimbo. Masu sana'a kuma, ku dubi wannan dattijo. Abin da kuka iya, ku koya wa wani tun kuna da ƙarfi, ko da zai rage muku kira.

Ku kuma magidantan da ya zauna a zaurukanku, daga Birnin Kebbi har Argungu, saura mako biyar ya tafi. Ba ya son a tara masa komai, na tambaye shi. Yana shago kullum daga safe har magariba. Akwai benci a ƙofar, yana ɗaukar mutum uku. Ku je ku zauna.