Ajiyar Fayafayan Likita

Asabar ce ranarmu, ni da Likita, tun kafin furfura ta fito mini. Da an idar da sallar la'asar sai in hau babur ɗina in nufi gidansa da ke kan hanyar Zango, in tarar an share zauren ciki, an shimfiɗa tabarma, garmaho na kan tebur an yaye masa mayafi. Likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, shi ya sa ba mai kiransa da sunansa. Ya daɗe yana aiki a Kongolam, can bakin iyaka, yana duba shanun da ake tsallakowa da su. A can ya haɗu da wani takwaransa na tsallaken iyaka wanda ya yi karatu a waje, shi ya fara ba shi faifan kiɗan jaz. Tun daga nan ciwon ya kama shi, duk wanda zai yi tafiya mai nisa sai ya ba shi sautu, har fayafayan suka cika kanta guda.

Ni malamin firamare ne. Wata rana ina wucewa na ji wani irin busa yana fitowa daga gidan, mai kama da algaita amma ya fi ta laushi, na tsaya a gindin darbejiya na kasa tafiya. Ya leƙo ya gan ni, ya ce in shigo in daina tsayuwa a waje. Shigar da na yi ke nan ban sake fita ba. A garin nan kaf ban san wani na uku da yake jin wannan kiɗa ba, kuma gaskiya ban so a samu ba. Ni kaɗai ne mutuminsa, haka nake so abin ya zauna.

Muna da wani aiki da muke kira duban bazara. Zafin Daura ba ya wasa da faifai, in ka bar shi a kwance ko kusa da bango mai ɗaukar rana, sai ka tarar ya lanƙwashe ya koma kamar gurasa. Saboda haka da zafi ya fara kankama sai mu fara daga farkon kanta, mu riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga faifai daidai ido a ga ko ya karkace, a goge shi da tsohon rawani mai laushi, a saurari fuska biyun, sannan a mayar da shi a tsaye. Ba ma kaiwa ƙarshe sai ruwa ya sauka. Da yanar ido ta fara rufe wa Likita gani, duba da gogewa da ɗora allura duk suka dawo hannuna, alhali ko 'ya'yan cikinsa ba ya bari su taɓa garmahon nan.

Sunayen makaɗan suna ba mu wahala a baki, sai muka raɗa wa fayafayan namu. Akwai Mai Tari, wanda aka ɗauka a gaban jama'a, wani yana ta tari daga baya. Akwai Tsohuwa Mai Mura, wata mawaƙiya mai dusasshiyar murya da in ta ja baiti sai ka ji tsikar jikinka ta tashi ko ba ka san abin da take cewa ba. Nawa na kaina shi ne Mai Jinkiri, wani mai fiyano da yakan taɓa sau ɗaya ya yi shiru, har ka ɗauka ya fasa, sannan ya sake taɓawa. Shiru muke saurare. In faifai ya ƙare Likita ya yi bayani, ya ce ka ji yadda mai busa ya ɗauki waƙar ya tafi yawo da ita, mai ganga na riƙe masa hanya, kamar yadda 'yan amshi suke riƙe wa mawaƙi har ya dawo. Ni kuma in ce haka ne, Likita. Kuma haka ɗin ne, ban taɓa jin ya faɗi abin da ba daidai ba.

Ana tsakiyar duban wata bazara robar da ke juya faifai ta tsinke. Na zaga wurin masu gyaran rediyo, kowa ya ce rabonsa da ganin garmaho tun yana yaro. Wani ya ce in gwada shagon Oga, mai sayar da kayan babura a bakin kasuwa, ko a dace da roba mai kama da ita. Oga ɗan ƙabilar Ibo ne, ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari zaƙi. Ƙato ne, mai kuɗinsa, in yana dariya ana ji daga tsallaken titi. Ya juya tsinkakkiyar robar a hannu, ya tambaye ni ta mene ce. Da na gaya masa sai ya bar wa ɗan'uwansa shagon, ya kwaso robobi a aljihu, ya ce sai ya ga abin da idonsa, don shi ma yana saurayi ya busa begila a badujalar cocinsu. Ni da babur ɗina na goyo shi har ƙofar gidan Likita.

Roba ta zauna daram. Don a gwada, sai na ɗora Mai Jinkiri, ina so baƙon ya san ba gidan wasa ya shigo ba. Bai bari an yi nisa ba ya kaɗa kai ya ce, "Baba, wannan mutumin kiɗa yake yi ko takalminsa yake nema a ƙofar masallaci?"

Na dubi Likita ina jiran ya nuna masa hanyar waje. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, can dariya ta ƙwace masa, yana bugun cinya, hawaye na zuba, har hularsa ta zame. Duk tsawon zamana da shi ban taɓa ganin dasashinsa ba sai ran nan. Da ya samu numfashi ya ce a mayar da allura baya, yau sai ya nuna wa wannan mutum cewa shirun ma kiɗa ne. Suka yi ta musu har aka kira magariba, ni ina gefe riƙe da rawanin goge faifai.

Asabar ta zagayo, Likita ya ce mini ai Oga ba ya iya barin shago ranar Asabar, sai Lahadi bayan ya taso daga coci, ko za mu mayar da zaman Lahadi? Tambaya ce a baki, amma an riga an gama magana. Na ce ba komai. Da komai, wallahi. Ranar da na tsare shekara da shekaru, na ƙi zuwa ɗaurin aure saboda ita, na bar gonata a hannun 'yan ƙwadago saboda ita, ita ce aka ɗage saboda mutumin da ya zo jiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Oga bai san komai ba. Ya ji busa mai laushi ya ce begila ce. Ya rantse cewa Mai Tari da wani faifan daban mutum ɗaya ne ya busa su, alhali ko zamaninsu ba ɗaya ba ne. Ya ce masu gangar jaz duk ragwaye ne, shafa fata suke yi kamar masu tsoron ta fashe. In na gyara masa, Likita ya juyo ya ce ai Malam ya fi mu sani, sannan ya mayar da fuskarsa wajen Oga su ɗora daga inda suka tsaya. Sai ka ga tsoho ya miƙe zaune, jijiyar wuya ta tashi, yana nuna sama da yatsa, yana cewa saurara, saurara, nan ne wurin. Oga ya ce bai ji komai ba. A sake. Ni ne mai sakewar. Kishi nake yi, kishi sosai, irin wanda yake hana mutum jin ɗanɗanon tuwo. In Oga ya shigo da ledar tsire yana kiran Baba tun daga ƙofa, ji nake kamar in tashi in rufe zauren.

Mai ɗakina ta gaji da ganin ina dawowa a cike. Da na ba ta labari sai ta yi dariya ta ce, to kai ma ka yi wa Likita musun mana, Oga baki gare shi da ba ka da shi? Na ɗauki shawarar. Lahadin da ta biyo baya muka kai kan Tsohuwa Mai Mura. Faifai na ƙarewa na gyara murya na ce ni dai a ganina matar nan ba ta iya waƙa ba, maƙogwaro kawai take wahalarwa. Likita ya karkato da kai wajen da muryata ta fito, ya tambaye ni a hankali ko lafiyata ƙalau, ko zafin nan ne ya taɓa ni. Har ya ce a kawo mini ruwan randa. Oga kuwa, wanda bai taɓa yabon komai ba, ya ce a'a Malam, wannan kam ta iya. Na sha ruwan don ba yadda zan yi.

Bazarar da ta biyo baya idon Likita ya rufe kusan gaba ɗaya. Babbar 'yarsa da ke aure a Kano ta zo ta ce za ta tafi da shi a yi masa aiki, kuma ba za ta dawo da shi ya zauna shi kaɗai ba. Gidanta ba wurin kanta guda ta fayafayai. Gidan Daura kuma rufin kwano ne, in aka kulle shi cikin zafi, kafin damina duk sun narke. Dole a ba wani ajiya.

Oga bai ɓata lokaci ba. Ya ce yana da ɗaki mai esi, na'urar sanyaya ɗaki, ga janareta, ga sola, a kawo kawai. Ni abin da nake da shi ɗakin kakata ne, tsohon soron ƙasa a ƙuryar gidanmu, inda muke ajiye randuna. Ban ma faɗa ba, kunya ta hana ni. Makon nan ban san abin da na koyar a aji ba. Ina ta raya wa kaina cewa in aka ba Oga, shi ke nan an nuna mini matsayina, kuma ba zan taka gidansa in roƙi jin Mai Jinkiri ba ko zan mutu.

Lahadin ƙarshe ba mu saka faifai ba. Likita ya sa muka zauna kusa da shi, ya lalubo gwiwata ya dafa.

"Malam ne zai riƙe," in ji shi. "Wuta tana ɗaukewa, mai yana ƙarewa, amma soron ƙasa ba ya fasa sanyi. Kuma hannun nan bai taɓa karce mini faifai ba."

Daɗi ya kama ni, sai godiya nake ta jerawa kamar an ba ni kujerar Makka. Na saci kallon Oga don in ga yadda abin ya yi masa. Ko a jikinsa. Cewa ya yi Baba ya yi daidai, shi da ma yaransa ɓarna gare su. Washegari da sassafe, kafin rana ta yi zafi, shi ya kawo a-kori-kurarsa, muka jera fayafayan a tsaye cikin kwalaye, yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai. Ko wannan kirkin nasa haushi ya ba ni.

Na share soron, na shafe shi, na kafa kantar nesa da randuna don kada laima ta taɓa kwalayen fayafayan. Lahadi ta farko bayan tafiyar Likita na yi wanka na zauna ni kaɗai, na ce yau zan ji kiɗa yadda ake jin sa, ba surutu. Ban kai ga ɗora allura ba na ji sallama. Oga ne, waya a kunne, yana ƙyalƙyala dariya. Ya ce Baba ne, tun ɗazu suke magana, ya ce a ci gaba da duba daga inda aka tsaya. Ya buɗe muryar wayar ya ajiye ta gaban garmaho. Likita ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi sanyin ɗakin. Sannan suka koma musunsu. Na laluba aljihuna na duba tawa wayar, ko ya kira ban ji ba. Bai kira ba.

Haka muka yi ta yi har aka fara shuka. Fayafayai suna ɗakina, mabuɗi yana aljihuna, kira kuma wayar Oga yake zuwa. Ni nakan kira Likita tsakiyar mako, mu gaisa, in ce masa komai lafiya, ya sa mini albarka, sai mu yi shiru, sai in ce to sai an jima.

Wata Lahadi hadari ya haɗo ta gabas, Oga ya iso da wuri yana karkaɗe rigarsa. Muna zaune sai wayata ta yi ƙara. Na duba, Likita ne. Na miƙe na fita tsakar gida don in amsa ni kaɗai, iska tana kaɗa shanyar mai ɗakina. Muryarsa garau, ya ce an buɗe masa ido ɗaya, yau ya ga fuskar jikarsa. Na yi ta hamdala, ƙwalla ta cika mini ido, ga maganganu cike da bakina da na daɗe ina tarawa. Na buɗe baki ke nan ya riga ni.

"Malam, mutumin nan ya iso kuwa? Tun ɗazu nake neman wayarsa ba ta shiga. Ba ni shi."

Na koma soron na miƙa wa Oga wayata. Ya karɓa ya kwashe da dariya tun kafin ya kai ta kunne, ina jiyo ta Likita tana amsawa daga ciki. Na zaro faifan da ke kan layi na goge shi, na tsaya riƙe da shi ina jira su gama su gaya mini fuskar da zan fara sakawa.