Ƙafafun da Baffa Ya Gani ta Ƙarƙashin Get

Baffana maigadi ne. Yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shekara talatin da ɗaya ya yi a ƙofar babban asibitin garinmu, a kan benci guda, har katakon ya lotsa daidai mazauninsa. Get ɗin na baƙin ƙarfe ne, ba taga ba huda, sai ratar da ke tsakaninsa da ƙasa, wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ta wannan rata Baffa ya koyi sanin mutane. Ya san likitan da ke jan ƙafar hagu, ya san mai sharar da ke sa silifas kala biyu, ya san wanda ya zo dubiya da wanda ya zo ɗaukar gawa, duk daga ƙafa.

Ko a gida halin bai bar shi ba, har bayan ya yi ritaya. Ƙofar gidansa ma ƙarfe ce mai rata, kujerarsa na bayanta. Kafin ka ɗaga hannu ka ƙwanƙwasa ka ji sakata ta ja. Muna yara mukan yi musayar takalma don mu ruɗe shi, sai mu ji daga ciki ya ce, "Ke ce, da takalmin wata. Tafiyar agwagwa ai ba ta ɓuya."

A bakin get ɗin asibitin nan mahaifina ya rasu. Shekarar annoba ce, ina da shekara goma sha tara. Gadaje sun cika, an shimfiɗa mutane har a baranda, sai manya suka ba da umarni a rufe ƙofa, kada a ƙara shigar da kowa. Da rana tsaka Umma ta kai Abba, numfashi yana gagararsa. Suka tarar da mutane sun fi ɗari suna dukan ƙarfe. Abba ya jingina da get ɗin a tsaye, ya zame ya zauna, kafin la'asar rai ya yi halinsa. Baffa yana ciki, makulli a hannunsa.

Tambaya ɗaya na rayu da ita tun ranar: ya san Abba ne a waje, ko bai sani ba? Na taɓa yi wa Umma ita sau ɗaya tak. Ta ce, "Ƙofa a rufe, ihu ya cika ko'ina, ni kaina ba na jin muryata. Ta yaya zai sani? Kada ki kuskura ki tambaye shi." Ni da na san Baffa da ƙafafu, na karɓi maganarta na kifa a kan abin kamar murfin tukunya. Umma ta rasu ba ta canza magana ba. Baffa ne ya riƙe mu, shi ya saya mini keken ɗinkin da nake ci da shi har yau, shi ya aurar da ni. Ba na ƙinsa. In faɗi gaskiya, ba na jin komai a kansa, kamar ƙafar da aka daɗe da zama a kanta.

Shekara goma sha huɗu bayan haka, ɗansa na fari, Yaya Makanike, ya jajibo mana wani wasan talabijin mai dogon zango. Labarin wata cuta ce da ke tayar da matattu su riƙa yawo suna cizon masu rai, wanda aka ciza shi ma ya mutu ya tashi. Duk Asabar da yamma muke taruwa a falon Baffa. Inna, matarsa, takan zauna da tiren tsintar shinkafa tana cewa, "Wa'iyazu billahi, wannan wane irin kallo ne," amma ko fitsari ba ta tashi yi sai an gama.

Mutuwa ake yi a wasan nan kamar ba a san darajar rai ba. Da zarar ka fara son mutum, an ɗauke shi. Akwai wani tsohon direba mai barkwanci da Inna ta ƙwallafa rai a kansa, aka cije shi a wuya yana tsakiyar dariya. Ranar Inna ta yi kuka da majina, ta rantse ta daina kallo, Asabar ta gaba ita ta fara zama. Yaya Makanike kuwa ya zama boka. Da an nuna mutum yana ba da labarin 'yarsa ko yana gyara hularsa a madubi, sai ya buga cinya ya ce, "Wannan ya gama yawo, ku yi masa addu'a." Sau da yawa yana cinka daidai. Ni dai kallo nake. Wanda ya mutu ya mutu, ina lissafin ɗinkin da ke jirana a shago.

Baffa yakan zauna can gefe, kusa da ƙofar falo, carbi a hannu. Ba ya tanka wa kowa. Ban ma tabbata yana bin labarin ba.

Mugun wasan wani mutum ne da ya tara jama'a a tsohuwar masana'anta mai katanga, ya zama shugabansu. Makulli yake ratayawa a wuya, shi ya sa muke ce masa Mai Makulli. Yana ciyar da mutanensa, yana ɗaukar yaransu a kafaɗa, kuma yana iya harbe mutum saboda tari. A kansa ake musu duk mako. Inna ta ce kunama ce, ko ta yi lamo ba ta da amana. Yaya Makanike ya ce, "Inna, in ba don shi ba da tuni an cinye su. Duniyar ce ta lalace, shi bin ta kawai ya yi." Inna ta ce, "To Allah ya raba mu da mai taimako irin wannan."

Sai Asabar ɗin da aka nuna wasu mutane sun gudo, matattu na bin su, suka iso ƙofar masana'antar suna duka. A cikinsu akwai ƙanwar Mai Makulli. Aka nuna shi a saman katanga yana kallon fuskarta, tana kiran sunansa, kiɗa mai ban tausayi yana tashi, hawaye ɗaya ya gangaro masa. Bai buɗe ba. Inna ta saki tire, shinkafa ta watse. Yaya Makanike da ke kare shi kullum ya miƙe tsaye yana cewa, "Kai, Allah wadaranka! Jininka fa!"

Sai ya tuna a falon wa yake tsaye. Ya koma ya zauna a hankali. Inna ta duƙa tana kwashe shinkafa da hannu. Ba wanda ya kalli ƙofar falo.

Daga can Baffa ya ce, "Ba su iya ba."

Muka juya. Idonsa na kan talabijin, muryarsa kamar mai gyara wa tela awo.

"Wanda ya rufe ƙofa ba ya hawa sama ya kalli fuska. Ba kiɗa kuma. A ƙasa yake, kafaɗarsa a jikin ƙarfe, ana dukan ƙarfen ta waje. Ƙafafu kawai yake gani."

Inna ta ce, "Malam, bari mana."

Ban shirya ba, bakina ne ya buɗe da kansa. Na ce, "Baffa, wane irin takalmi ne?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Sau-ciki, ruwan ƙasa. Na hagun da faci a gefe. Nawa ne, ya matse ni na ba shi." Ya ja carbi ɗaya. "Kusa da shi silifas ɗin uwarki, shuɗi. Sun daɗe a tsaye. Daga baya na ga tafin takalmin, na san ya zauna."

Na ce, "Ka sani kenan."

"Na sani."

"Umma ta san ka sani?"

"Ita ta turo hannu ta ƙarƙashi ta riƙe mini ƙafar wando."

Na jira ya ce akwai ɗakin yara marasa lafiya a bayansa, ko in ya buɗe wa ɗaya ɗari za su afko, ko umarni aka ba shi. Duk na san waɗannan, na sha faɗa wa kaina su ina taka keke. Bai faɗi ko ɗaya ba. Na jira kuka ya zo mini, ko zagi, don bakina ba ya raga wa kowa, masu kawo ɗinki sun sani. Babu abin da ya zo. Na taya Inna kwashe shinkafar, na wanke hannu, na yi sallama na tafi gida. Ranar har na ƙarasa wuyan wata riga.

Yaya Makanike ya kira ni ranar Alhamis. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ya ji an ce wannan makon za a kashe Mai Makulli, ko zan zo? Na ce zan gani.

Na je. Na tsaya a bakin ƙofar Baffa ban ƙwanƙwasa ba. Ta ratar ƙasa ina ganin ƙafafun kujerarsa, da nasa ƙafafun, farcen babban yatsa ya yi kauri ya tsage. Na san yana ganin nawa. Tun da nake a duniya ban taɓa yin minti ɗaya a wurin nan sakata ba ta ja ba. Mai kayan miya ya wuce da baro. Daga falo na ji kiɗan fara wasan.

Can Baffa ya ce, daga bayan ƙarfen, "In buɗe?"

Na daɗe ina kallon ƙafafunsa. Sun tsufa ƙwarai, kuma irin na Abba ne sak, har ɗan yatsan da ya hau kan ɗan'uwansa.

Na ce, "Buɗe, Baffa. An fara."