Bukkar Yaya da Dawar Mama

Mako biyu kacal yayana ya yi a Urushalima, amma ya dawo Samaru kamar can aka yanke masa cibiya. Wata 'yar hula ya liƙa a tsakar kai, wadda ko sanƙonsa ba ta rufe ba, gaisuwa kuwa sai "shalom". Ni lokacin ina koyarwa a firamare, muna gida ɗaya da shi da iyalinsa da mahaifiyarmu.

Da damina ta zo ƙarshe, sai ya tara mu ya ce bana za mu yi Idin Bukkoki. Ya yi mana bayani kamar ba mu taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba: Isra'ilawa sun fito Masar, sun yi shekara arba'in a jeji cikin bukkoki, shi ya sa in sun gama tara amfanin gona sukan bar ɗakunansu su kwana bakwai a bukka, suna godiya. Rufin dole ya zama abin da ya tsiro daga ƙasa, a bar 'yan kafofi ana hango sama.

Na ce, "Yaya, su sun gama girbi suke yi. Mu nan dawa ko nuna ba ta yi ba."

Ya ce, "Ke dai ba ki je ba."

Dawar da nake nufi ta Mama ce, kunya kaɗan a bayan gida. Jar dawa ce da ta zo da irinta daga ƙauyenmu tun tana amarya. Kowace shekara takan ware zangarniya mafi kyau ta rataye a madafa don shuka ta gaba. Bara ƙwari sun cinye ajiyar, ɗan abin da ya tsira shi ta shuka duka, kuma a ƙauyen an daɗe da daina noma irin. Kowa a gidan ya san wannan, har shi.

Ya tafi kasuwar Sabon Gari ya dawo da ganyen kwakwa, da lemun tsami a madadin wani lemo na can, da rassan darbejiya a madadin itatuwan da shi kansa ya manta sunansu. Ya tsaya tsakar gida yana kaɗa su gabas da yamma, kaji na gudu. Wannan bai dame ni ba, dariya ma na sha. Amma ganyen bai isa rufi ba, ga shi ya gayyato dattawan coci cin tuwo a bukkar. Mama tana taron zumuntar mata, ni ina makaranta, bawan Allah ya ɗauki adda ya zagaya baya.

Na dawo na tarar da bukka ta yi kyau, kore shar, zangarniyoyi na reto daga rufi. Na matsa ƙwaya ɗaya, sai farin ruwa. Raina ya ɓaci. Shi kuwa yana ta nuna wa baƙi cewa haka Yahudawa ke rataye amfanin gona don ado.

Mama ta shigo da kayan zumuntarta a jiki. Ya tarye ta da murna, ya ja ta har ciki, ya ce a matsayinta na babba ita za ta yi addu'ar godiya saboda girbi. Dattawa suka sunkuyar da kai. Ita ta ɗaga nata, ta daɗe tana kallon rufin.

Ta ce, "Ka bar ko kunya ɗaya?"

Ya ce, "Mama, ai da rufin bai cika ba."

Ta yi addu'ar, ba ta tsallake komai ba, har ta sa masa albarka. Washegari ta ɗauki faifai ta bi zangarniyoyin ɗaya bayan ɗaya, ko za ta sami wadda ta ƙosa. Ta shanya abin da ta tsinta, da ruwan sabuwar damina ya sauka ta shuka. Ko ɗaya bai tsiro ba.